Ko Kun Sani? Hanyar Dutse Ta Sukur

A ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru, akwai ƙauyen Sukur a ƙwanƙolin tsaunukan Mandara. Mai son ganinsa sai ya haɗa da sayyada, domin tsohuwar hanyar hawa tun daga gindin dutse ta ƙafa ce, an shimfiɗa ta da falalen duwatsu, tsani bayan tsani, har zuwa fadar sarkin garin, wanda ake kira Hidi.

A hanya matafiyi zai ratsa gonakin da aka yi wa matakala da jerin duwatsu don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Zai kuma ga kufan matoyar tama. Da ƙarfe Sukur ta yi suna, tana narka shi, fatake na zuwa saye. A farkon ƙarni na 20 kuwa garin ya sha hare-haren kamun bayi daga Hamman Yaji, mai mulkin Madagali a lokacin.

A 1999 UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, na farko a Najeriya. Kurmin Osun-Osogbo sai a 2005 ya biyo baya.