Baje-kolin Suturar Ɗalibai: Kafin A Kunna Kiɗa, A Duba Ƙofa

Duk wanda ya taɓa zuwa galar 'yan fim ya san yadda ake yi a bakin get. Tikiti ya ƙare amma jama'a ba su ƙare ba, na baya na tura na gaba, ga masu haurawa ta katanga. To irin wannan taro ne ɗaliban sashen ɗinki da zanen tufafi ke haɗawa a ƙarshen zangon karatu, in su ka tashi baje-kolin kayan da su ka ɗinka. Kwalejojin kimiyya da fasaha irin na Kaduna da Kano su na da sashen koyon ɗinki, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta na koyar da zanen yadi. Duk mai sha'awar zama mai kula da sutura ko mai kwalliya a industiri, wannan rana ce ta nuna kan sa.

Sai dai akasari hankalin masu shiryawa ya fi tafiya kan shadda da leshi, da wane jarumi za a gayyato, da wace waƙa za a sa. Maganar ƙofa nawa zauren ke da ita, ko ina za a ajiye janareto, sai ranar ta zo ake tunawa. Alhali a nan ne rai ya ke.

ABIN DA YA FARU DA WASU

A watan Nuwamba na 2023, ɗaliban wata jami'ar kimiyya da fasaha da ke Kochi a jihar Kerala ta Indiya sun shirya bikin su na shekara, da wasan waƙa a wani dandali. Masu katin shiga ake bari su wuce, sauran jama'a na tsaye a waje. Kawai sai ruwan sama ya sauko. Na waje su ka ɗunguma ciki neman mafaka, na gaba su ka faɗi a kan matattakala, aka bi ta kan su. Mutum 4 su ka rasu, sama da 60 su ka ji rauni. Ko mawaƙiyar ba ta hau dandamali ba.

A nan gida kuma, a Disambar 2024 yara 35 su ka mutu a turmutsitsin wani taron rabon kyauta a Ibadan.

Na Amurka ya fi tayar da hankali, don kyamara ta ɗauke shi tun daga farko. A watan Fabrairu na 2003, a wani gidan rawa mai suna The Station a jihar Rhode Island, an harba tartsatsin wuta na ado lokacin da makaɗa su ka fara wasa. Tartsatsin ya kama soson da aka manna a bango don tare ƙara. Cikin kamar minti 6 wuta ta cinye wurin. Gidan na da ƙofa 4, amma yawancin mutane su ka nufi wadda su ka shigo ta ita, su ka cushe a nan. Mutum 100 su ka mutu. Abin mamakin, mai ɗaukar hoton ya je ne don haɗa rahoto a kan tsaron lafiya a gidajen rawa.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da aka shirya don a cutar da wani. Duk taron nishaɗi ne ko na alheri.

TAKARDA KAFIN TALLA

Matakin farko shi ne izini a rubuce daga ofishin kula da harkokin ɗalibai, da sanar da shugaban masu gadin makaranta da asibitin ta. Ba a buga fosta sai takardar ta fito.

In kuma a wajen makaranta za a yi, to sai an ƙara taka-tsantsan. A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001, ga kuma Hisba, wadda a 2021 ta hana teloli da masu shagunan kaya tallar tufafi a jikin mutum-mutumi. Inda aka yi magana a kan gunkin roba, ai ba sai an faɗa ba za a sa ido a kan 'yan mata masu tafiya a dandamali. Ko babban bikin suturar Afirka na FIMA, wanda fitaccen mai zanen tufafi na Nijar, Alphadi, ya fara a hamadar yankin Agadas a 1998, sai da ya sha zanga-zanga a Yamai da Maraɗi a 2000. Saboda haka tun kafin a yanka yadi ya kamata malamin sashe ya ga zanen kowace riga, a daidaita kan abin da za a nuna, da yadda za a zaunar da maza da mata. Taron da aka zo aka tarwatsa a tsakiya, shi ma turmutsitsi ya ke haifarwa.

A raba aiki kamar yadda ake yi a lokeshin. Furodusa daban, darakta daban. A nan ma a ware mutum ɗaya wanda ba ruwan sa da ɗinki, aikin sa tsaro kaɗai, kuma a ba shi ikon tsayar da kiɗa a ko wane lokaci ba tare da neman izinin kowa ba.

ƘOFA DA KUJERA

A ƙirga kujerun zauren, a buga tikiti ƙasa da adadin, don ga malamai, ga manyan baƙi, ga masu ɗaukar hoto. Kwaɗayin ƙarin kuɗin get shi ke jawo a sayar da tikiti 800 a zauren mutum 500.

Duk wata ƙofa a cire mata kwaɗo kafin mutum na farko ya shigo. Da yawa kan kulle ƙofofin gefe don kada 'yan kutse su shigo, a bar guda ɗaya, makullin kuma na aljihun wani da ya tafi cin abinci. Maganin 'yan kutse shi ne a tsayar da mai gadi ko 'yan Man O' War a kowace ƙofa, ba sarƙa ba. Kada a jera kujera ko sifika a kan hanyar fita. Kafin a fara, mai gabatarwa ya nuna wa jama'a kowace ƙofa da hannu, don mutum in ya firgita inda ya shigo ya ke nufa.

In an gayyato jarumi ko mawaƙi, a shigo da shi ta baya, a fitar da shi ta baya. Babu liƙi a kan dandamali, babu jefa riga ko hula cikin 'yan kallo. In da kyautar da za a raba, a yi ta lambar tikiti, a kira mutum ɗai-ɗai. In a fili za a yi kuma damina ce, a yanke tun farko ina jama'a za su shiga in hadari ya taso.

DANDAMALI DA TAKALMI

A 1993 shahararriyar mai tallar kaya Naomi Campbell ta faɗi warwas a gaban kyamarori a Faris, sanye da wani takalmi mai tudu na Vivienne Westwood. In gwana ta faɗi, ina ga ɗalibar da ranar ce ta fara sa dogon dunduniya?

Kada a haɗa dandamali da teburan aji ko bencina a lulluɓe da kafet. Su na zamewa, kuma tsinin takalmi na faɗawa tsakanin su. In babu kuɗin kafinta, gara a yi tafiyar a ƙasa tsakanin layin kujeru biyu. In an gina, faɗin ya kai ƙafa 4 aƙalla, ya fi haka in mutum biyu za su gitta juna. A kafe kafet da ƙusa ko salatif mai ƙarfi, a manna farin layi a gefe-gefe don fitila na kashe ido. Matattakala ta samu mutum a tsaye mai miƙa hannu.

Sabon takalmi santsi gare shi, sai a goge ƙasan sa da sanfefa. Gwajin ƙarshe kuma a yi shi da ainihin kayan da ainihin takalmin. Lafaya, alkyabba da doguwar riga mai jan ƙasa ba a gane halin su sai an yi tafiya da su. Namiji mai babbar riga shi ma ya gwada hawa matattakala.

BAYAN FAGE

Nan ne gobara ta fi samun abinci. Ga yadi a rataye ko'ina, ga dutsen guga, ga injin busar da gashi, ga turaren fesawa mai kama wuta. Wata ma sai ta kawo kaskon turaren wuta don kaya su yi ƙamshi. Garwashi da shifon ba sa zama ɗaki ɗaya. Auduga ci ta ke yi da wuta, yadin roba irin su nailan da foliyesta kuma narkewa su ke yi su manne a fata. A turara kaya a gida tun jiya.

Dutsen guga ɗaya na cin wat 1,000 ko fiye. Soket na bango mai amfiya 13 iyakar sa wajen wat 3,000. Ke nan dutsen guga uku da injin gashi a kan doguwar waya ɗaya neman fitina ne. A ware kusurwa guda ta guga, da mutum ɗaya mai kula da ita, a zare waya da an gama. Wayoyin sifika da na kyamara a manne su a ƙasa.

Janareto a waje, nesa da taga da ƙofa da kamar mita 6. Hayaƙin sa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, mai sa ciwon kai da jiri har ta kai ga kisa. Ba a zuba masa mai ya na aiki. A tanadi tocila a hannun kowane mai tsaron ƙofa, don in an ɗauke wuta duhu na minti ɗaya ya isa ya ruɗa zaure. A samu tukunyar kashe gobara biyu, ɗaya a bayan fage ɗaya kusa da mai kiɗa, a duba allurar ta na kan kore, kuma a tabbata akwai wanda ya iya amfani da ita. Ba a watsa wa wutar lantarki ruwa. Tartsatsin ado irin na biki kuwa, a bar shi kwata-kwata a cikin zaure.

Mai kwalliya ita ma da nata. Kwalli da gazal ɗaya a idon mutum 20 hanyar yaɗa afolo ce. Baƙin lalle da gam ɗin gashin ido kan kumbura wa wasu fata, don haka a gwada a ɗan wuri kwana 2 kafin ranar. Fil da allura a zuba su a gwangwani, don a ɗakin akwai masu yawo ba takalmi.

WAYA A ƊAKIN CANJA KAYA

'Yan fim ba za su manta da 2007 ba, shekarar da wani hoton bidiyo da aka ɗauka da wayar hannu ya bazu, har aka dakatar da shirin fim a Kano na tsawon watanni. Wancan lokacin ta Bluetooth ake turawa. Yanzu da TikTok da WhatsApp, kafin a tashi daga taro ya zaga gari.

Ɗakin mata daban, na maza daban, a rufe tagogi. Mace ce za ta tsare ƙofar mata. Duk mai shiga ta ajiye waya a waje, har ƙawaye. Mai ɗaukar bidiyo iyakar sa gaban fage. Sannan kowace mai tafiya a dandamali a tambaye ta tun farko ko ta yarda a sa hoton ta a intanet, kuma gida sun san da zuwan ta. Raunin ƙafa na warkewa cikin sati biyu, amma hoto ɗaya kan iya ɓata maganar aure.

RANAR TA ZO

Da safe mai kula da tsaro ya zagaya da takarda a hannu: ƙofofi, wayoyi, dandamali, janareto, banɗaki. Ya yi tsalle a kan dandamalin da kan sa ya ji. A bar hanyar mota a buɗe har bakin zaure, da mota ɗaya da direba a shirye. Lambar asibitin makaranta da ta 'yan kwana-kwana, da lambar gaggawa ta ƙasa 112, a rubuta su da manyan baƙaƙe a bango.

Wajen azahar a yi gwajin ƙarshe, sannan a tara kowa na minti 10 a faɗa masa wurin tsayuwar sa da abin da zai yi in an ce a fita. Masu tafiya su ci abinci, su sha ruwa. Wasu kan ƙi cin komai don riga ta zauna, ga zafin bazara da kan haura digiri 40 a Kano, ga fitilu, sai a ga mutum ya yanke jiki. In hakan ta faru, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafun sa, a ba shi iska, kada a ɗura masa ruwa sai ya farfaɗo sosai. Ƙuna kuma ruwan famfo mai sanyi ake sakar mata na minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba. Wanda rigar sa ta kama wuta kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima, a rufe shi da bargo. Zai fi kyau a gayyato 'yan Red Cross ko 'yan agaji da akwatin su.

A buɗe get awa guda kafin lokaci don jama'a su shigo a tsanake. A fara bayan la'asar a kan lokaci, a tashi kafin magariba, kowa ya samu abin hawa da sauran haske. In an tashi a kunna duk fitilu, a buɗe duk ƙofofi, kuma kada masu shiryawa su watse sai ɗaliba ta ƙarshe ta kama hanya.

Duk wannan lissafi bai kai kuɗin leshi ɗaya mai tsada ba. Salatif ne, da tocila, da ruwan leda, da mutum goma masu tsayawa inda aka sa su. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya, amin.