Ma'aikatan Bayan Fage A Gudun Ba-Ni-In-Ba-Ka Na Dogon Zango

A duk lokacin da aka kammala gasar gudu, wanda ya riga kowa isowa shi ake ɗauka hoto, shi ake rataya wa lambar girma. Amma kafin ya iso, akwai ɗaruruwan mutane waɗanda suka fito tun kafin kiran assalatu suka tare hanya, suka jera ruwan sha, suka riƙe agogo, alhali kuwa ba wanda ya yi musu alkawarin ko anini. Ba gasar da ta fi dogara ga irin waɗannan mutane kamar gudun ba-ni-in-ba-ka na dogon zango, wato wanda ƙungiya guda take raba tafiya mai nisa tsakanin 'ya'yanta, wannan ya gama nasa rabon ya miƙa wa na gaba.

Mu a Nijeriya mun fi sanin irin wanda ake yi a cikin filin wasa, kamar wanda 'yan wasanmu huɗu suka samo mana lambar tagulla da shi a birnin Los Angeles a 1984. To, akwai kuma wanda ake yi a kan titi daga gari zuwa gari, kuma ƙasar Japan ce gidansa. A can suna kiransa ekiden, sunan da suka aro daga tashoshin 'yan saƙo na zamanin da, kwatankwacin zangon da fatakenmu suke yada kaya a hanyar Gwanja. An yi na farko a 1917 daga Kyoto zuwa Tokyo, tafiyar kilomita 508 da aka raba zango 23.

Wanda ya fi shahara shi ne na Hakone, wanda makarantu huɗu suka fara a 1920. Ana yin sa ranakun 2 da 3 ga Janairu, daga tsakiyar Tokyo zuwa duwatsun Hakone a dawo, kilomita 217 da ɗoriya, kowace jami'a da mutum goma. Maimakon sanda, wata ɗamara ta yadi suke ratayawa a kafaɗa suna miƙa wa juna. Abin da ya kamata ɗalibanmu su lura da shi shi ne, ƙungiyar wasannin guje-guje ta ɗaliban yankin Kanto ita ce mai gasar, kuma ɗalibai ne suke ɗaukar yawancin ɗawainiyarta.

Aikin kuwa iri-iri ne. Akwai masu tsayawa a gefen titi sun juya wa masu gudu baya suna fuskantar 'yan kallo, don kada wani ya faɗo kan hanya. Sai gasar ta wuce ta bayansu ba su gan ta ba. Akwai masu jira a zangon miƙa ɗamara, waɗanda suke hango mai zuwa daga nesa su kira abokinsa ya fito, sa'an nan su tarbi wanda ya gama da bargo kafin ya zube. Akwai masu agogo, kuma nasu aikin ba ya son kuskure, domin a ranar dawowa, idan wata ƙungiya ta yi jinkirin minti 20 bayan na gaba ya wuce, dole a sallami ɗan wasanta na gaba ba tare da ɗamarar ta iso shi ba, saboda a buɗe wa jama'a hanya. Masu miƙa ruwa kuma sau da yawa 'yan ƙungiyar ne waɗanda suka shekara suna horo amma ba a zaɓe su ba, rabonsu a gasar bai wuce 'yan taku kaɗan da za su yi a gefen abokinsu da gorar ruwa a hannu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan hidima ta ƙawa ce kawai. Kanakuri Shiso, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa gasar Hakone, ya shiga gudun famfalaƙi na wasannin Olamfik a Stockholm a 1912, zafin rana ya galabaitar da shi a tsakiyar hanya, wasu mutanen gida na bakin hanyar ne suka ɗauke shi suka yi jinyarsa. A wannan gudun ne kuma ɗan ƙasar Fotugal, Francisco Lázaro, ya faɗi, ya rasu washegari. Ashe ran mai gudu yana hannun wanda yake tsaye a bakin hanya.

Yanzu bari mu dawo gida. A ƙaddara cewa makarantun Kano sun shirya irin wannan gasa, kuma zango guda ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Duk wanda ya san Titin Zariya ya san abin da ke gaban masu shiryawa. Ga mahaɗar Dangi inda Titin Gidan Zu ya shigo, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wanda ba a isa a rufe ƙofarsa ga motar marasa lafiya ko na minti ɗaya ba, ga masu a-daidaita-sahu da masu zuwa kasuwar Tarauni, ga lunguna barkatai da kowane ɗayansu yake bukatar mai tsaro. Jami'an KAROTA da na Hukumar Kiyaye Haɗurra za su iya riƙe manyan mahaɗu, amma ba su da yawan da za su tsaya a bakin kowane lungu. Haka kuma sai an zaɓi lokaci da hankali: safiyar hunturu ta fi dacewa, domin zafin bazarar Kano yakan kai digiri 40.

Abin farin ciki shi ne ba sai mun yi aron wannan hali daga waje ba. Mutanen da suka gaji aikin gayya, waɗanda 'yan agajinsu suke tsara sahu a filin Idi su kuma tsare hanya ranar hawan Salla, ba baƙi ba ne ga aikin sa kai. Ga 'yan Red Cross da 'yan Sikawut, ga masu yi wa ƙasa hidima waɗanda aka kafa shirinsu tun 1973, ga dubban ɗaliban Jami'ar Bayero da na kwalejojinmu. Abin da ya rage shi ne tsari: a rubuta sunan kowa da wurin tsayuwarsa, a koya masa alamomin bugun zafi da abin da zai yi kafin likita ya iso, a sanar da masu unguwanni da shugabannin kasuwa tun da wuri, a kuma tanadi masu kwashe shara bayan an watse.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan da ke kula da wasanni da kuma shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, duk ranar da za su zauna shirya gasa irin wannan, su fara lissafi da masu tsaron hanya kafin su kai ga kuɗin kofi. Idan kuma an zo rabon kyaututtuka, a kira sunayensu a ba su takardar shaida, domin yabon gwani ya zama dole, kuma wanda aka gode wa bana shi ne zai fito baɗi.