Bindigar Fim: Katako Ce Ko Ta Gaske?

Duk mai kallon finafinanmu ya san yadda yaran bos ke kutsowa ƙauye da "AK-47", mata na ihu, kaji na watsewa. To, mai karatu, sau da yawa katako ne da guntun bututu, an shafe su da baƙin fenti, an maƙala wani lanƙwasasshen abu a matsayin gidan harsashi. Ƙarar harbin ma sai wajen tace fim ake sa ta.

Rigimar tana lokeshin. A ƙauyukan Bichi da Dambatta gona na manne da gona, ko'ina akwai ido. Manomin da ya hango samari da bindigogi a bakin gonar gero ba zai tsaya neman darakta ba, 'yan banga zai kira. Shi ya sa furodusa mai hankali ke fara gaida mai gari, ya sanar da 'yan sanda, kafin a kafa kyamara.

Masu sha'awar aron ta gaske wai don armashi fa? A Amurka, inda suke da ƙwararru, bindigar gaske ta kashe jarumi Brandon Lee a 1993 ana ɗaukar The Crow. A 2021 kuma ta kashe Halyna Hutchins, mai ɗaukar hoton fim ɗin Rust.