Matsin iska cikin inji: ku sani kafin ku sayi mota mai turbo

Ƴan'uwa manoman Arewa, yau inji ya shiga cikin aikinmu. Akwai injin niƙa cikin gari. Akwai injin ban ruwa cikin garake na Dallol Mawri. Motoci na kwasar hatsi da wake daga Lugu da Matankari zuwa kasuwar Dogondutsi, wasu na ɗauko rake daga wajen Tibiri. Ƙungiya kan yi shekaru tana tara kuɗin mota guda. In injin ya mutu, wahalar jama'a ta tafi a banza. Dillalai kuwa na ta yabon mota mai turbo. Bari mu ga mene ne turbo, da abin da ke kashe shi.

Daga ina ƙarfin inji yake fitowa?

Ku ɗauki famfon keke. Ku toshe bakinsa da yatsa, ku danna. Iska ta matsu, famfon ya yi zafi. Haka inji yake aiki. Cikinsa akwai tukunyar ƙarfe, da wani ƙarfe mai hawa da sauka, sunansa piston. In piston ya sauka, iska ta shiga. In ya hau, sai ya matse ta cikin ɗan ƙaramin ɗaki. Nan mai yake kamawa da wuta, ya tura piston ƙasa da ƙarfi.

Ana auna wannan matsi. In an ce matsin inji 10 ne, ana nufin an cusa tiya 10 ta iska a wurin tiya 1. Injin esansi, wato fetur, matsinsa daga 8 zuwa 11 ne galibi. Buji ke kunna masa wuta. Injin gazuwal matsinsa daga 15 zuwa 22. Shi ba ya da buji mai tartsatsi. Iska na yin zafi fiye da digiri 500, gazuwal ya kama da kansa. Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, ya tada irin wannan inji a 1897.

Mene ne turbo?

Kun san zugazugin maƙeri. In an zuga, gawayi ya ƙara ci. Turbo zugazugin inji ne. Hayaƙin da ke fita shi ke juya shi, fiye da sau 100.000 a minti guda, shi kuma ya tura ƙarin iska cikin tukunya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar a 1905. Akwai wani irin zugazugi da bel ke juyawa. Aikinsu ɗaya ne: ƙarin iska, ƙarin mai, ƙarin ƙarfi.

To, ga lissafi. Inji mai matsi 10, turbo ya ƙara masa rabin iska. Tiya 10 ta zama 15, ɗaki kuwa bai ƙaru ba. Buhun da aka cusa wa abin da ya fi ƙarfinsa, a ɗinki yake fashewa. Don haka maƙeran inji ke faɗaɗa ɗakin, su rage matsi zuwa 8. Da ƙarin rabi, 8 ta zama 12. Injin ya sami ƙarfi, bai fashe ba.

Ku dubi Toyota Land Cruiser. A 1990 an fito da injin gazuwal iri biyu, kowanne lita 4,2. Marar turbo, 1HZ, matsinsa kusan 22, ƙarfinsa kusan doki 130. Mai turbo, 1HD-T, matsinsa bai kai 19 ba, ƙarfinsa ya wuce doki 160. Piston ɗinsu da hanyar fesa mai ma ba iri ɗaya ba ne. Ke nan turbo ba abin da ake liƙa wa kowane inji ba ne.

In matsi ya wuce kima

A injin esansi, mai yakan fashe da kansa kafin wutar buji ta game shi. Za ku ji ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani, musamman wajen hawan tudu ko cikin rairayi da kaya. Wannan ƙara piston take ci. Zafin watan Afirilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, na ƙara ta. Esansi marar kyau, ko wanda aka gauraya da kananzir, shi ma na kawo ta. A injin gazuwal kuwa, matsi da zafi kan ƙone shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ko su tsaga piston.

In matsi ya yi kaɗan

Ƙurar hunturu na cin zobban piston, iska ta riƙa zurarewa. Injin ba ya tashi da safe lokacin ɗari. Yana shan mai, yana hayaƙi shuɗi, ba ya ja. Wannan doka ta shafi injin niƙa, injin ban ruwa da babur, ko da ba su da turbo.

Abin da za ku yi

1. Kafin ku biya kuɗi, ku sa makanisiye ya auna matsin kowace tukunya. Kada wata ta yi nisa da sauran.
2. Kada ku yarda a ɗora turbo kan injin da ba a ƙera shi don turbo ba.
3. In za a kankare kan injin esansi, ku tambayi nawa za a cire. Kankara na rage ɗaki, matsi ya hau.
4. Ku sayi mai inda kuka amince. Araha ba ta ado.
5. Ku share matatar iska kullum lokacin ƙura. Ku canza man inji kan lokaci, don shi ke shafa turbo, yana sanyaya shi.
6. Bayan doguwar tafiya, ku bar injin turbo ya yi minti 1 ko 2 yana juyawa a hankali kafin ku kashe shi.
7. Da kun ji ƙarar tsakuwa, ku sassauta ƙafa, ku koma ƙaramar giya, ku nemi makanisiye.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. Ku tattauna a taron ƙungiya kafin a taɓa asusu. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu damina mai albarka.