Ranar Da Shugaban Jam'iyya Ya Garƙame Ƙofar Hedikwata

Da hantsin ranar Laraba, 12 ga Yunin 2024, aka umarci ma'aikatan hedikwatar jam'iyyar Les Républicains da ke birnin Paris su kwashe nasu ya nasu su fice kafin tsakar rana. Fitarsu ke da wuya aka garƙame ƙofa. Umarnin daga shugaban jam'iyyar da kansa ya fito, wato Éric Ciotti, ɗan majalisa daga birnin Nice. Ya ce saboda tsaro ya yi haka, amma kowa ya san a ranar ce jiga-jigan jam'iyyar za su zauna su kore shi.

Laifinsa kuwa, ana jajibirin ranar ya fito a labaran rana na tashar talabijin ta TF1, ya ce jam'iyyarsa za ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa, Rassemblement National ta Marine Le Pen, a zaɓen majalisa da Shugaba Macron ya kira bagatatan. Bai shawarci manyan jam'iyyar ba.

Sai wanda ya san tushen gidan zai gane zafin wannan magana. Les Républicains jikanyar siyasar Janar Charles de Gaulle ce, mutumin da ya yi kira daga Landan ranar 18 ga Yunin 1940 cewa kada Faransa ta miƙa wuya ga Jamus, ya kuma kafa Jamhuriya ta Biyar a 1958. Aƙidar gidan ita ce Faransa ta tsaya da ƙafafunta, gwamnati ta zama mai ƙarfi, a bi doka da oda, a bar 'yan kasuwa su nemi na kansu. Masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa kuwa ba su taɓa yafe wa de Gaulle ba kan 'yancin Aljeriya. Wasunsu ma sun yi wa motarsa ruwan harsasai a Petit-Clamart a watan Agustan 1962, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Jacques Chirac ya gaji gidan, ya kafa jam'iyyar RPR a 1976. A 2002, da mahaifin Marine, Jean-Marie Le Pen, ya kai zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, Chirac ya ƙi ko zaman muhawara da shi, ya kuma kayar da shi da kashi 82 cikin 100. A shekarar aka haifi jam'iyyar UMP, magajiyar RPR, ta kwashe kujeru sama da 350 cikin 577 na majalisa. Ita ce Nicolas Sarkozy ya sauya wa suna zuwa Les Républicains a 2015.

Daga nan tauraruwarta ta fara dusashewa. Ɗan takararta François Fillon ya zo na uku a zaɓen shugaban ƙasa na 2017. 'Yar takararta Valérie Pécresse ba ta kai kashi 5 ba a na 2022, har sai da ta fito tana roƙon magoya baya su taimaka a biya bashin kamfe. Macron ya janye masu sassaucin ra'ayi, Le Pen ta janye masu zafi. Bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga.

A waccan Larabar ta Yunin 2024, da manyan jam'iyyar suka ga ƙofa a rufe, sai suka yi zamansu a wani zaure da ke kusa, suka kori Ciotti baki ɗaya, ba wanda ya saɓa. Da yamma sakatariyar jam'iyyar, Annie Genevard, ta iso bakin ginin, 'yan jarida sun yi mata dafifi da kyamarori. Ta zaro wani makulli na ajiya, ta zura, ta murɗa, ƙofa ta buɗe. Washegari da safe sai ga Ciotti ya dawo ofishinsa, ya leƙo ta taga yana gaisawa da 'yan jarida, ya ce har yanzu shi ne shugaba. Ranar Juma'a kotu ta dakatar da korar. Haka jam'iyya ɗaya ta shiga zaɓe da kai biyu. Cikin 'yan majalisarta kusan 60, mace ɗaya tak ce ta bi Ciotti.

A watan Satumba Ciotti ya bar gidan ya kama tasa jam'iyyar. A watan ne kuma Macron ya naɗa Michel Barnier na Les Républicains firaminista, majalisa ta tumɓuke shi bayan wata uku. A Mayun 2025 'yan jam'iyya suka zaɓi Bruno Retailleau shugaba.

Abin ya taɓa ni, domin gida ne da ya ba Faransa shugabanni irin su Pompidou da Chirac da Sarkozy, aka wayi gari 'ya'yansa na kokawa kan makulli. Waɗanda suka ƙi bin Ciotti sun yi daidai, sun riƙe amanar da aka bar musu. Sai dai rukuninsu a majalisar da aka zaɓa a watan Yulin 2024 bai kai kujeru 50 ba.