Labaran Zane da Suka Tuɓe wa Sadauki Rawani

Labarin sadauki mai ƙarfin da ya fi na ɗan Adam ya kafu a littattafan zane na Amurka a 1938, da fitowar Superman. Tsarinsa ɗaya ne: mai ƙarfi mutumin kirki ne, yana kare raunana, ba ya neman lada. Kamfanonin DC da Marvel sun riƙe wannan tsari gam, domin sadaukan nan jarinsu ne, kuma ba mai ɓata hajarsa da hannunsa.

Tambayar da aka daɗe ana kauce wa, duk wanda ya taɓa kallon ƴan tauri a fili ya san ta: wanda wuƙa ba ta cinsa, wa zai tsawata masa idan ya kauce hanya?

Alan Moore ya ɗauko ta a 1982, cikin wata ƙaramar mujallar Ingila mai suna Warrior, inda ya farfaɗo da tsohon sadauki Marvelman, wanda daga baya ya koma Miracleman. A nan gwamnati ce ta ƙera sadaukan a asirce don su zama makami. Ɗayansu ya ragargaza Landan, wanda ya kashe shi kuma ya karɓe mulkin duniya ba tare da shawarar kowa ba. Watchmen ɗinsa na 1986 ya fi suna, amma wannan na DC ne, ba na ƙaramin kamfani mai zaman kansa ba.

Tarihin The Boys na Garth Ennis da Darick Robertson shi ya fi nuna amfanin zaman kai daga manyan kamfanoni. Ya fara fita a 2006 ƙarƙashin wani reshen DC, aka dakatar da shi bayan fitowa 6, sai ƙaramin kamfanin Dynamite ya ɗauka har ya kai 72. Sadaukan cikinsa hajar kamfanin Vought ce, ana tallarsu kamar sabulu ana binne ɓarnarsu. Ƙazantar da ke ciki takan yi yawa har ta danne hujjar. Invincible na Robert Kirkman, daga kamfanin Image a 2003, ya fi shi natsuwa: yaro ne ya gano cewa ubansa, gwarzon duniya, ɗan mamaya ne.

Masu zane na Najeriya har yanzu gini suke, ba rushewa ba. Malika ta Roye Okupe, wadda ta samo tushe daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, jaruma ce da aka zana domin a yi alfahari da ita.