Zaɓen Famfon Fitar da Ƙazantar Gida: Mai Tunkuɗa ko Mai Markaɗe

1.0 Gabatarwa

A yawancin gidaje, ruwan wanka da na wanki da ƙazantar makewayi kan bi bututu ne su gangara da kansu zuwa sokawe ko zuwa babbar magudanar gari. Don haka ne magina ke ba bututun ƙazanta gangara ta kimanin santimita 2 a kowace mita. Sai dai wani gida yakan kasance a cikin kwari, ko a gina makewayi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ta yadda mafitar ƙazantar ta fi tushenta tudu. A irin wannan hali dole a nemi famfo mai aiki da lantarki. Wannan babi zai yi bayani a kan nau'o'i biyu na wannan famfo da abin da ya kamata a duba kafin zaɓe.

1.1 Famfo Mai Tunkuɗa

Ana girke wannan famfo a cikin wani ɗan tanki mai murfi da ake binnewa a wurin da ya fi ko'ina gangara a gidan. Idan ƙazanta ta taru ta kai wani mizani, sai wani makunni mai yawo bisa ruwa ya tayar da injin. Farfelar da ke ciki ba ta yanka komai; tana tura ƙazantar yadda ta zo, har daskararren abu mai kaurin inci 2, wato kimanin santimita 5. Saboda haka bututunsa ba ya gaza faɗin inci 2. Yana kwashe ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci, amma ƙarfin turinsa ba ya kai wa nesa ko tudu mai tsawo. Na gidaje yawanci ba ya wuce rabin ƙarfin doki zuwa ɗaya.

1.2 Famfo Mai Markaɗe

Shi kuwa wannan yana da wuƙaƙen ƙarfe a bakinsa, waɗanda ke markaɗe ƙazanta ta koma ruwa-ruwa kafin a tura ta. Wannan ne ya sa take iya bin siririn bututu mai faɗin inci ɗaya da kwata. Ruwan da yake turawa a minti ɗaya bai kai na mai tunkuɗa ba, amma yana iya kai shi ɗaruruwan mitoci, ya kuma haura tudu da shi. Ƙarfinsa kan kama daga doki ɗaya zuwa biyu, kuma ya fi tsada wajen saye da gyara.

A Amurka aka ƙirƙiro shi. A shekarar 1954 wani malamin Jami'ar Harvard mai suna Gordon Fair ya kawo shawarar a riƙa tura ƙazantar gidaje da ƙarfin inji ta cikin ƙananan bututai. Kamfanin General Electric ya ƙera famfon a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma gwada shi a wasu gidaje na birnin Albany da ke jihar New York a farkon shekarun 1970.

1.3 Abin da Ke Yanke Hukunci

Mutane da dama kan ɗauka cewa famfon da ya fi ƙarfi da tsada shi ya fi dacewa da kowane gida. Wannan kuskure ne. Tambayar farko ita ce: ina ƙazantar za ta?

Idan sokawe za ta, mai tunkuɗa ya dace. Dalili kuwa shi ne, aikin tankin farko na sokawe ya dogara ne da kwanciyar ƙazanta: mai nauyi ta nutse ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya kaɗai ya wuce ramin tsotsewa. Ƙazantar da aka markaɗe ba ta kwanciya da wuri, sai ta bi ruwa ta toshe ramin. Daga nan dagwalo ya fara tumbatsa a tsakar gida ko ya malala kusa da rijiya, wanda hanya ce ta yaɗuwar kwalara da zazzaɓin taifot.

Idan kuwa za a haɗa gidan ne da babbar magudana da ke nesa ko bisa tudu, ko wadda ruwan cikinta ke tafiya da matsi, to mai markaɗe ne kaɗai zai iya. A Nijeriya irin wannan buƙata ba ta da yawa, domin in ban da wasu sassan Abuja da ke haɗe da matatar Wupa da wasu 'yan rukunin gidaje, yawancin gidajen birane da sokawe suka dogara.

Abu na biyu shi ne wutar lantarki. Ƙarfin doki ɗaya daidai yake da wat 746, kuma inji kan ja fiye da haka a lokacin tashi. Mai gidan da ke dogaro da ƙaramin janareta ko hasken rana sai ya lissafa wannan, ya kuma tanadi tanki mai girman da zai riƙe ƙazanta idan an ɗauke wuta.

1.4 Kulawa

Kowanne aka zaɓa, yana buƙatar bawul mai hana ƙazanta komowa baya, da bututun fitar da iska, da ƙararrawar da za ta yi kuka idan tanki ya cika. Haka kuma a guji jefa leda da tsumma da audugar mata da maiƙon girki a masai, domin ko wuƙaƙen mai markaɗe sukan cije a kansu.

1.5 Kammalawa

A taƙaice, mai tunkuɗa na gajeriyar tafiya ne zuwa sokawe, mai markaɗe kuwa na doguwar tafiya ne zuwa magudanar gari. Kafin a kashe kuɗi, ya kamata ƙwararren mai aikin famfo ya auna tsawon bututu da tsayin tudun da za a haura. Gidan da kuma gangara ta wadace shi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.